Wa Ke Da Alhakinta? Lacca Kan Tsaro da Ingancin Karatun 'Ya'ya Mata a Ƙasashen Waje

 

Duk gidan da aka fara zancen tura yarinya karatu waje, gardamar kan tsaya ne a kan sunan ƙasa. Mahaifi ya ce Masar ko Sudan ko Turkiyya, domin ƙasashen Musulmi ne, za ta ji kiran salla, babu mai hana ta hijabinta. Wan yarinyar da ya yi boko ya ce Ingila ko Kanada, can ne karatu yake. Kawu ya zo da labarin wani ejan da ya ce Indiya ko Cyprus sun fi araha. Da haka sai a raba magana gida biyu, a ɗauka tsaro yana wata ƙasa, inganci yana wata, sai dai mutum ya zaɓi wanda zai iya haƙura da rashinsa. Abin da na zo in kare a gabanku yau shi ne wannan rabon kuskure ne tun daga tushe. Abin da ke kare yarinya a baƙuwar ƙasa, shi ne dai ke sa takardarta ta yi daraja idan ta dawo: wato ta shiga hannun makarantar da hukuma ta san da ita, wadda take da wanda take jin tsoro, wadda in ta yi ba daidai ba akwai inda za a kai ta ƙara. Sunan ƙasa ba ya ba da wannan tabbaci. Tambayar da ta kamaci iyaye ita ce: daga ranar da ta sauka jirgi zuwa ranar da za ta dawo da shahada, wa ke da alhakinta, a rubuce, kuma wa ke sa ido a kan shi wannan mai alhakin?

Bari mu fara da ɓangaren takarda, domin a nan hujja ta fi fitowa fili. A ƙarshen shekarar 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida, bai shiga aji ba, bai zauna jarrabawa ba, har ya yi amfani da takardar ya shiga bautar ƙasa. A watan Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, daga baya kuma ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya bayyana cewa 'yan Najeriya sama da 22,000 ne ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Mutane da yawa sun ɗauki wannan labari a matsayin labarin 'yan damfara kawai. Amma ku tuna da yarinyar da iyayenta suka sayar da gona suka kai ta irin waɗannan makarantu da zuciya ɗaya, ta zauna shekara uku tana karatu iyakar ƙoƙarinta, ta dawo aka ce takardarta ba ta da amfani. Sannan ku tambayi kanku: makarantar da ke sayar da shahadarta ga wanda bai taɓa taka harabarta ba, za ta san ɗalibar da ba ta kwana a ɗakinta ba daren jiya? Za ta hukunta malamin da ya ce sai an biya shi da mutunci kafin ya ba da maki? Rashin amanar da ya ɓata takardar, shi ne zai bar yarinyar ba mai kula da ita, domin tushensu ɗaya: hukumar makarantar ba ta jin tsoron kowa.

Haka abin yake a fannin likitanci, wanda shi ne ya fi ɗibar 'ya'yanmu mata zuwa waje. Duk wanda ya karanta likitanci a wata ƙasa, ba zai taɓa majinyaci a Najeriya ba sai ya ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Likitoci, wato MDCN, kuma an sha yin zagayen da kusan rabin waɗanda suka zauna suka faɗi. Masu jinya da ungozomomi da masu haɗa magunguna kowa da hukumarsa, wanda ya karanto lauya a waje kuma sai ya bi ta makarantar horar da lauyoyi. Me ke kayar da waɗannan yara? Sau da yawa ba rashin kai ba ne. An kai su makarantar da ke ɗaukar ɗaruruwan baƙi saboda dala, alhali ba ta da asibitin koyarwa mai isar su. Ko kuma ana koyarwa da Ingilishi a aji, amma majinyacin da ke kan gado Rashanci ko Sinanci ko Turkanci yake ji, sai ɗaliba ta gama shekara shida ba ta taɓa zama ta tambayi mara lafiya abin da ke damunsa da bakinta ba. Harshen da ya hana ta koyon aiki a asibiti, shi ne zai hana ta yi wa ɗan sanda bayani ranar da wani ya tare ta a hanya, shi ne zai hana ta karanta takardar hayar ɗaki kafin ta sa hannu. A nan ma, inda karatu ya yi rauni, a nan tsaro ya yi rauni.

Misali mafi ban tsoro ya fito ne daga Rasha. A watan Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da rahoto kan wani shiri mai suna Alabuga Start a yankin Tatarstan, wanda ke tallata kansa a shafukan sada zumunta ga 'yan mata masu shekara 18 zuwa 22, da alkawarin tikitin jirgi kyauta, da albashi, da koyon sana'a. 'Yan matan Afirka, har da na Najeriya, sun je suka tarar aikin haɗa jirage marasa matuƙa ne da ake kai hari da su Ukraine, a masana'antar da ita kanta ake kai wa hari. Ku lura da yadda aka gina tarkon: an yi masa rigar karatu, an cire masa kuɗin makaranta, an nufi talaka da shi, an kuma nufi mace. Da a ce iyaye sun yi tambaya ɗaya, wace shahada za a ba ta a ƙarshe kuma wace hukuma ce ta amince da ita, da maganar ta watse tun a zaure. Tambayar inganci ce, amma da ita za a ceci rai.

Yanzu wani zai tashi ya ce: Malam, duk wannan mun ji, amma Sudan fa? Makarantun Sudan ba na bogi ba ne. Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Khartoum ta yaye 'ya'yanmu masu yawa. Jami'ar mata ta Ahfad da ke Omdurman, wadda asalinta ke komawa ga makarantar 'yan mata da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907, ta yi suna wajen tarbiyya da karatu. Ga dangantakarmu da Sudan ta hanyar aikin hajji tun zamanin tafiyar ƙasa, ga Hausawa zaune a can kaka da kakanni. Duk da haka ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF, ɗalibanmu suka kwana cikin ƙarar harsashi, aka kwashe su a motoci ta hamada, wasu suka yi kwanaki a bakin iyakar Masar kafin a bar su su wuce Aswan, wasu aka bi da su ta Port Sudan, jiragen farko ba su sauka Abuja ba sai farkon watan Mayu. Ina amfanin ingancin makaranta a ranar? Wannan ƙorafi ne mai ƙarfi, kuma na yarda babu jami'ar da za ta tare yaƙi. Sai dai akwai abu biyu da ya kamata a faɗa. Na farko, yaƙin bai zo ba sanarwa. An tumɓuke Shugaba Al-Bashir a 2019, an kashe masu zaman dirshan a Khartoum a watan Yunin shekarar, sojoji sun sake juyin mulki a Oktoban 2021. Haka Ukraine: rikici ya fara tun 2014, kuma makonni kafin Rasha ta afka mata ranar 24 ga Fabrairun 2022 Amurka da Ingila suna ta gaya wa mutanensu su fice. Mu ne muka ɗauki zaɓen ƙasa a matsayin shawarar da ake yankewa sau ɗaya a rufe littafi, alhali abu ne da ake sake dubawa kowane zango. Na biyu, bayan an tsira da rai, abin da ya raba ɗalibai shi ne takarda. Wadda take riƙe da sakamakon darussanta na kowace shekara, daga makarantar da wasu jami'o'i suka san da ita, tana da abin da za ta nuna a ɗora ta daga inda ta tsaya. Wadda sakamakonta ke kulle a ofishin da aka gudu aka bari, ko wadda makarantarta ta koma koyarwa ta intanet, ta shiga wani hali, domin a 2022 MDCN ta fito ƙarara ta ce ba ta amince da karatun likitancin da aka yi ta intanet ba. Ashe ko a ranar yaƙi ingancin makaranta yana da aiki: shi ke hana shekarun yarinya su tafi a banza.

Daga nan sai mu zo ga wata tambaya da ba a cika yi ba: idan abu ya faru, ƙofar wa za a buga? Arewacin Cyprus ya cika da ɗaliban Najeriya, saboda sauƙin shiga da rangwamen kuɗin makaranta da ejan-ejan ke tallatawa. Amma wannan yanki Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa. Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a can. Shugabar Hukumar 'Yan Najeriya Mazauna Ƙasashen Waje, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye tun a 2020 kan tura 'ya'yansu can, bayan mace-macen ɗalibai da ba a samu gamsasshen bayani a kansu ba, ta kuma maimaita gargaɗin daga baya. Ba ina nufin duk makarantun yankin ba su da kirki ba, akwai waɗanda suka yi karatu suka dawo lafiya. Abin da nake so a gane shi ne uban da ya kai 'yarsa inda ƙasarsa ba ta da wakili ya rage mata mataki ɗaya na kariya, don haka wajibi ne ya san abin da zai maye gurbinsa kafin ta tafi.

Maganar cewa ƙasar Musulmi ta wadatar, ita ma tana buƙatar a zauna a kanta. Damuwar iyaye game da addinin 'yarsu da suturarta damuwa ce ta gaskiya, kuma dokokin ƙasashe sun bambanta a kai. Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a da dokar 2010, ta kuma hana ɗankwali a makarantun gwamnati na ƙasa da jami'a tun 2004, amma ɗalibar jami'a tana da damar sa hijabinta. A Ingila babu irin wannan hani, jami'o'i da yawa suna da wurin salla da ƙungiyar ɗalibai Musulmi. A jihar Karnataka ta Indiya an yi rikicin hana hijabi a kwalejoji a 2022. Waɗannan abubuwa ne da ake bincikawa a sani, ba a yi musu hasashe daga nesa. Kuma yawan masallatai a gari ba ya hana cin zarafin mace a motar haya, ba ya hana a raina baƙar fata, wanda ɗalibanmu ke kuka da shi a ƙasashen Larabawa kamar yadda suke kuka da shi a Turai da Asiya. Waɗanda suka bi labarin dukan da aka yi wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida kusa da Delhi a 2017, ko yadda aka riƙa ture 'yan Afirka daga jiragen ƙasa lokacin gudun Ukraine, sun san launin fata yana cikin lissafin tsaro. Abin da ya kamata a tambaya game da kowace makaranta, a Alƙahira take ko a Manchester, shi ne: akwai ɗakunan kwanan mata a cikin harabarta, wa ke tsaronsu, har shekara nawa ake ba baƙuwa ɗaki kafin a ce ta nemi haya a gari? Akwai ofishin da ɗaliba ke kai ƙarar malami, kuma an taɓa hukunta wani? Amsar ba ta bakin ejan za ta fito ba, domin shi kamashonsa yake karɓa a kan kowane kai da ya kawo. A nemi ɗalibai mata da ke can yanzu, a yi magana da su, kuma a bar uwa ko yayar yarinyar ta yi tambayar, domin akwai abin da mace ba za ta gaya wa namiji ba.

Akwai kuma masu cewa a huta da duk wannan, a bar ta a gida. Ina girmama wannan ra'ayi, musamman idan ya fito daga tsoron Allah da batun muharrami, wanda malamai sun yi bayani a kansa kuma kowane gida zai koma ga malamin da ya amince da shi. Amma kada mu yi wa kanmu ƙarya cewa gida babu haɗari. Satar 'yan matan Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Jangebe a 2021, da ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka ɗauke daga gidajen kwanansu na wajen makaranta a 2023, duk a gida aka yi. Binciken BBC na 2019 kan malaman da ke neman ɗalibai da lalata don maki, a Legas da Accra aka yi shi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na 2022 ya ci wata takwas. Ma'aunin da nake kira a auna makarantar waje da shi, shi ne za a auna ta gida da shi, kuma sau da yawa za a tarar jami'ar gida mai asibitin koyarwa, kamar ta Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ta fi wata mai ƙyalli a hoto da ke waje. Matsalar ita ce guraben likitanci a nan ba sa isa, ga kuma buƙata: ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya a Najeriya suke, kuma mun san akwai matan da ke jinkirin zuwa asibiti saboda ba sa son namiji ya duba su. Al'ummar da ke son likita mace ta duba matanta ba za ta rufe duk ƙofofin da mace ke zama likita ba. Tarihinmu ma ya nuna mana hanya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda mata ke tasowa daga ƙauyuka neman ilimi a ƙungiyance, ƙarƙashin jaji, dattijuwar da aka naɗa aka san ta, aka ɗora mata alhakinsu. Ba a hana tafiyar ba, an dai tsara ta, an sa mata mai amsa tambaya.

Sai kuɗi, wanda mutane ba sa lissafa shi cikin tsaro, alhali ga 'ya mace yana kan gaba. Kafin watan Yunin 2023 dala tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500. A watan Mayun 2024 aka ji labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila waɗanda suka kasa cika kuɗin makaranta saboda faɗuwar naira, aka cire su, aka umarce su da barin ƙasar. Ɗaliban da gwamnatin tarayya ta tura Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungary ƙarƙashin yarjejeniyar musayar ɗalibai sun sha yin watanni ba alawus. Mun kuma ga yadda gwamna zai tura yara waje da bikin ban kwana, wanda ya gaje shi ya ƙi biya, makaranta ta riƙe takardunsu ko ta fitar da su daga ɗakunan kwana. Saurayin da kuɗi ya yanke masa a baƙuwar ƙasa zai sha wuya. Budurwar da kuɗi ya yanke mata za ta sha wannan wuyar, sannan ga masu jiran irin wannan rana su zo mata da taimako mai sharaɗi. Saboda haka lissafin da ya dace shi ne na shekarun karatun gaba ɗaya, da kuɗin ɗaki da abinci da inshorar lafiya da sabunta takardar zama da tikitin dawowa na gaggawa, a kuma ƙara wani abu saboda naira. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, gara ya zaɓi makaranta mai sauƙi da aka amince da ita, ko a gida ko a maƙwabta, da ya jefa 'yarsa inda shekara ta uku za ta same ta hannu wofi. Na san za a ce talaka ba shi da zaɓi, duk ƙofar da ta buɗe sai ya shiga. Amma mai kuɗi in an yaudare shi zai sake biya a wani wuri, talaka kuwa gonar guda ce. Shi ya fi kowa buƙatar bincike, kuma binciken ba tsada gare shi ba: a tuntuɓi sashen tantance takardu na Ma'aikatar Ilimi, a tuntuɓi hukumar sana'ar da yarinyar za ta yi, a duba ko hukumar ilimi ta ita ƙasar ta amince da makarantar da kuma ainihin kwas ɗin, a tura kuɗi asusun makaranta kai tsaye, kada a bi ta aljihun kowa.

Abu na ƙarshe ya shafe ku, 'ya'yana da ƙannena mata. A gidaje da yawa ana gama duk wannan shiri ne a bayan idon yarinya, a kira ta a ce an samo miki makaranta. Ana ganin hakan kulawa ce, amma yarinyar da ba ta san yadda aka samo mata gurbi ba, ba ta karanta takardar karɓarta ba, ba ta san ranar da bizarta ke ƙarewa ba, an mayar da ita mai dogaro da duk wanda ya san waɗannan abubuwa, kuma a can nesa wannan mutum ba mahaifinta ba ne. Fasfonki ya zauna a hannunki, kada ejan ko mai gidan haya ko wani shugaban ɗalibai ya ce zai ajiye miki. Ki karɓi sakamakon darussanki a ƙarshen kowace shekara, ki tura kwafi gida. Ki yi rajista da ofishin jakadancin ƙasarki a makon farko, ki haddace lambar gaggawa ta garin, ki koyi harshen mutanen ko da na kasuwa da asibiti ne. Ku kuma iyaye, akwai kariyar da ku kaɗai za ku iya ba ta. 'Yan mata da yawa abu na samun su su yi shiru, saboda sun san ranar da suka faɗa za a ce su tattaro kayansu su dawo, karatu ya ƙare, ko a ɗora musu laifin. Masu cutar da su sun san da wannan shirun, da shi suke aiki. Ku gaya mata tun kafin ta hau jirgi, da bakinku, cewa duk abin da ya same ta ta kira gida, za a saurare ta, za a tsaya mata, kuma faɗin gaskiya ba zai zama dalilin raba ta da karatunta ba.

Allah Ya tsare mana su a inda suke, Ya ba su ilimi mai amfani.